Filin Shawara: Anti, An Ce In Biya A Taɓa Mini Alƙaluma

 Ni ɗaliba ce a aji na ƙarshe, ina karatun aikin gona a nan Minna, kuma kwana biyun nan ko barcin kirki ba na samu. Furojet ɗina a kan shinkafa ne, irin FARO 44. A daminar da ta wuce na gwada taki iri uku, kashin shanu da kashin kaji da takin zamani, kowanne a fuloti uku. Ni na yi dashe, ni na yi ciro, ni na yi korar tsuntsu, har kuɗin da Baba ya ajiye don hidimar gida sai da ya shiga ciki. Da aka auna, takin zamani ne a gaba, kashin kaji ya biyo, kashin shanu a baya. Ko ido ya shaida. Amma da aka zuba alƙaluman a SPSS aka yi ANOVA, sai lambar p ta fito 0.19, malamin da ke duba aikina ya ce babu bambanci. Yaron da ke buga mini takardu a shago ya ce in ƙara masa kuɗi ya ɗan taɓa lamba biyu ko uku ta sauko ƙasa da 0.05, wai haka kowa ke yi. Wata ƙawata kuma ta ce in rabu da ANOVA in riƙa yin gwajin t bibbiyu, ba za a rasa wanda zai fito ba. Ranar kare aiki ta matso, Anti. Wahalata ta tashi a banza ke nan?

'Yarki, daga Kpakungu

 Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka wa Baba da alheri. Kuɗinki ki riƙe a jaka, kada ki ba yaron nan ko sisi. Aikinki yana nan da ransa, kuma idan kika gane abin da ANOVA ke tambaya, za ki shiga ɗakin kare aiki da ƙarfin gwiwar da wadda ta sayi alƙaluma ba za ta taɓa samu ba.

Ki tuna fulotan kashin kaji guda uku. Taki ɗaya kika zuba musu, iri ɗaya kika dasa, amma na tabbata da kika ɗora buhunansu a sikeli ba su zo daidai ba. Wani ruwa ya fi kwanciya a cikinsa, wani yana bakin hanya, wani tsuntsaye sun fi sauka a kansa. To tun da fuloti masu taki ɗaya ma suna saɓawa, ganin matsakaicin wannan taki ya ɗara na wancan bai isa hujja ba tukuna. Sai an tambaya: ratar da ke tsakanin takin uku ta fi ƙarfin saɓanin da ake samu a cikin kowane rukuni shi kaɗai? Tambayar ANOVA ke nan gaba ɗayanta. Kamar ki hango ƙanwarki a Kasuwar Kure ki ƙwala mata kira ne. Jin ki da rashin jin ki ya danganta da ƙarfin muryarki da kuma yawan hayaniyar da ke tsakaninku.

Ɗauko biro, mu ƙaga lambobi masu sauƙi mu yi da hannu. A ce taki uku ne, kowanne fuloti huɗu. Na farko ya ba da kilo 10, 10, 12, 12, matsakaici 11. Na biyu 12, 14, 14, 16, matsakaici 14. Na uku 15, 17, 18, 18, matsakaici 17. Matsakaicin fuloti goma sha biyun gaba ɗaya 14 ne. Rukuni na farko yana ƙasa da shi da 3, na biyu yana kansa daidai, na uku yana sama da 3. Ki ninka kowace rata da kanta, ki sami 9 da 0 da 9, jimla 18, sannan ki ninka da 4 saboda fuloti huɗu ne a kowane rukuni, ya zama 72. Rukuni uku a cire ɗaya saura 2, ki raba 72 gida 2, ki sami 36. Wannan ita ce muryar.

Saura hayaniya. A cikin kowane rukuni, ki duba nisan kowane fuloti da matsakaicin rukuninsa, ki ninka da kansa, ki tara. Rukuni na farko zai ba ki 4, na biyu 8, na uku 6, jimla 18. Fuloti 12 a cire rukuni 3 saura 9, ki raba 18 gida 9, ki sami 2. Yanzu ki raba 36 da 2. Amsa 18, kuma ita ce lambar F da kike gani a teburin da kwamfuta ke fitarwa. A jadawalin bayan littafinki na ƙididdiga, inda 2 da 9 suka haɗu a matakin 0.05, za ki ga 4.26. Tun da 18 ta zarce ta nesa ba kusa ba, muna da hujjar cewa takin ba ɗaya suke ba.

Sake lambobin ki ga abin mamaki. Na farko 5, 8, 14, 17. Na biyu 7, 13, 16, 20. Na uku 11, 15, 18, 24. Matsakaitan ba su motsa ba, har yanzu 11 da 14 da 17 ne, don haka 36 ɗin tana nan. Amma saɓanin cikin rukuni ya tashi daga 18 ya koma 270, a raba gida 9 ya zama 30, lambar F ta faɗo 1.2. Dubi yadda wani fulotin takin da ya fi rauni ya ba da 17, alhali wani na takin da ya fi ƙarfi 11 kawai ya bayar. A nan idonki zai ce na uku ya fi, lissafi kuma ya ce a yi haƙuri, irin wannan ratar sa'a kaɗai tana iya kawo ta. Ina kyautata zaton a nan gonarki ta faɗa.

Ma'anar 0.19 ɗinki kuwa ita ce: da a ce takin nan uku ƙarfinsu ɗaya ne tsaf, a maimaita gwaji irin naki sau ɗari, kusan sau 19 za a ga rata kamar taki ko wadda ta fi ta. Abin da ke faruwa kusan sau ɗaya cikin biyar ba a kafa hukunci a kansa. Sai dai ki lura, lambar ba ta ce takin ɗaya suke ba. Malaminku ya gajarta magana ne da ya ce babu bambanci. A rubuce, abin da ya dace ki ce shi ne gwajin bai samar da isasshiyar hujjar bambanci ba. Da fuloti tara kacal, sai lambar F ta haura 5.14 kafin ta tsallake, don haka bambanci na gaske ma yana iya ɓuya wa ƙaramin gwaji irin wannan.

A gona aka haifi wannan lissafi, shi ya sa nake jin daɗi duk lokacin da ɗalibin noma ya tambaye ni shi. A 1919 tashar binciken noma ta Rothamsted da ke arewa da Landan ta ɗauki wani matashi mai suna Ronald Fisher, ta tara masa bayanan girbin alkama na wani fili da ake gwada taki a cikinsa tun 1843. Matsalarsa irin taki ce: yaya za a raba aikin taki da aikin ƙasa da ruwan sama? Ya shimfiɗa hanyar a littafinsa na 1925, daga baya George Snedecor na Amurka ya sa wa lambar harafin F don girmama shi. Masu binciken shinkafa a cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi kusa da Bida da wannan ma'auni suke tantance iri kafin ya iso hannun manomi.

Akwai abu ɗaya halal da za ki bincika, kuma yana iya sauya sakamako ba tare da an taɓa ko lamba ɗaya ba. Yaya kika yanka filin? Idan layi uku kika yi, daga tudu zuwa gangaren fadama, kuma a kowane layi akwai takin uku an rarraba su da ƙuri'a, to dole a gaya wa kwamfuta akwai layuka. In ba a gaya mata ba, duk bambancin tudu da gangare za ta zuba shi cikin hayaniya, lambar F ta ƙanƙance a banza. Ɗalibai da yawa suna shuka a jere irin wannan, sannan mai shago ya danna musu ANOVA mai hanya ɗaya don ita ya iya. Ki ɗauki zanen filinki ki kai wa malaminku ku duba tare. In an sa layukan, ma'aunin da za a tsallake zai hau zuwa 6.94, amma hayaniyar tana iya raguwa ƙwarai. Duk abin da ya fito, shi za ki rubuta, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba. Kada kuma wani ya ce ki ƙirga gindin shinkafa goma da kika auna a fuloti ɗaya a matsayin maimaici goma. Fuloti aka zuba wa taki, don haka fuloti ake ƙirgawa.

Shawarar ƙawarki ta fi ta mai shago tsabta a ido, amma hanya ɗaya suka nufa. Kowane gwajin t a matakin 0.05 yana ɗauke da haɗarin 5 cikin 100 na ganin bambancin da babu shi. Rukuni uku gwaji uku ne, haɗarin ya haura 10 cikin 100. Rukuni biyar gwaji goma ne, ya haura ɗaya cikin huɗu. Wanda ya yi ta jefa ƙuri'a dole wata rana ta faɗo masa. Gudun haka ne ya sa ake tambayar rukunan duka a lokaci guda. Ko da ANOVA ta nuna akwai bambanci, ba ta faɗin wane ne ya fi wane, sai a bi ta da gwajin Tukey ko na Duncan. Na Duncan shi ɗalibanmu na noma suka fi sabawa da shi, wanda ake ganin ƙananan haruffa a, b, ab a saman lambobi. Matsakaita biyu da suka yi tarayya a harafi ba a raba su ba ke nan. Ni na fi natsuwa da na Tukey, don ya fi tsauri wajen hana bambancin ƙarya wucewa.

Game da taɓa lambobi, ramin ƙarya ƙurarre ne. Malamin da ya ƙware yakan nemi littafin da aka rubuta awo a gona, yakan kuma gane teburin da lambobinsa ba su jitu ba. Amma ko da babu mai kamawa, ki tuna furojet ɗin yana zama a laburare, ɗalibi na baya ya kafa hujja da shi, wata rana maganar ta isa kunnen manomin da zai sayar da akuya ya sayi taki. Ki rubuta matsakaitan uku da yadda kowane ya warwatsu, ki faɗi lambar F da p yadda suke, ki ce alama ta karkata ga takin zamani amma fuloti uku-uku ba su isa yanke hukunci ba, ki ba da shawarar a maimaita da fuloti biyar ko shida a damina biyu. Duk mai jarrabawa na kirki zai karɓi wannan. Ki gaida Baba.

* * *

Salam Anti. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare. Aji biyar namu kashi uku ne, A da B da C, kowanne da malaminsa, yara wajen hamsin-hamsin. Shugaban makaranta ya ce in duba makin zangon da ya wuce don mu shirya wa NECO. Na yi ANOVA a Excel, p ta fito ƙasa da 0.001, ajin A a sama, C a ƙasa. Yanzu shugaba yana so ya cire malamin C ya ba shi ƙananan azuzuwa, kuma takardata ce hujjarsa. Mutumin nan magidanci ne, na san yana ƙoƙari. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ai lissafi ba ya ƙarya.

Malami, daga Chanchaga

Malam, Allah ya ƙara sani. Zuciyarka ta fi takardarka gaskiya a wannan karon, kuma ina roƙonka ka koma wurin shugaba kafin a zartar da komai.

Lissafinka ya nuna matsakaicin azuzuwan uku ya bambanta fiye da yadda sa'a za ta kawo. Iyakar abin da ya nuna ke nan. Dalilin bambancin ba ya cikin teburin. Ka fi ni sanin yadda ake raba yara a makarantunmu: waɗanda suka fi maki a aji uku su ake turawa A su yi kimiyya, waɗanda lissafi ya daɗe yana ba wahala su taru a C. In haka ne a wurinku, ko babban farfesa aka ɗauko daga jami'ar da ke Gidan Kwano aka ba shi ajin C, ANOVA za ta fito da sakamako mai kama da wannan. Tun da kowane malami aji ɗaya yake da shi, malamin da ajin sun manne, babu lissafin da zai ɓamɓare su daga makin zango ɗaya. Ka ƙara da lokacin darasi. Ajin da ake koya wa lissafi da ƙarfe takwas na safe da wanda ake koya wa bayan azahar a zafin Minna na watan Maris ba a yanayi ɗaya suke karatu ba. Wa ya tsara tambayoyin, wa ya yi makin? Idan kowane malami shi ya duba takardun ajinsa, mai tsauri zai fito kamar rago.

Fisher ya nace a riƙa raba taki ga fuloti da ƙuri'a saboda irin wannan, don kada wani abu na ɓoye ya bi rukuni ɗaya ya bar sauran. Yaranku ba da ƙuri'a aka raba su ba.

Ga abin da za ka iya yi cikin mako guda. Nemo makin lissafin kowane yaro na shekarar da ta gabata, ka duba inda kowane aji ya taso da inda ya kai. Akwai ƙanwar ANOVA da ake kira ANCOVA, wadda ke cire tasirin makin baya kafin ta gwada azuzuwa. Ba ta warware komai da komai, amma ta fi adalci nesa. Kana iya tarar da cewa malamin C ne ya fi ɗaga yaransa. Sannan kada ƙanƙantar p ta ruɗe ka. Da yara 150, ratar maki kaɗan ma tana iya fitowa da p ƙarama. Ka raba jimlar saɓanin tsakanin azuzuwa da jimlar saɓanin gaba ɗaya, lambobin biyu suna nan a teburin Excel, ka ga kaso nawa na bambancin makin yara ke da nasaba da ajin da suke. A misalin farko da na ba 'yar Kpakungu, 72 cikin 90 ne, wato kashi 80 cikin 100. A na biyu 72 cikin 342, wajen kashi 21.

Hukumar NECO da hedikwatarta ke nan garinmu tun kafa ta a 1999 takarda ɗaya za ta ba yaran A da na C. In ana son taimakon ajin C, a ƙara musu darasi da safe, a kuma shiga ajin a ga yadda malamin ke koyarwa. Ka faɗa wa shugaba cikin ladabi cewa takardarka ba ta ɗauke da hukuncin da yake so ya ɗora mata. Haƙƙin abokin aikinka yana wuyanka tun da kai ka yi lissafin.

* * *

Anti barka da aiki. Bincikena a kan ribar masu sayar da doya ne a kasuwannin Paiko da Gwada da nan Minna, mutum ashirin-ashirin. A Gwada akwai wani dillali da ke loda manyan motoci zuwa kudu, ribarsa ta ninka ta saura sau da yawa, ya ja matsakaicin kasuwar sama. In goge shi?

Ɗanki, daga Maitumbi

Ɗana, ka fara komawa takardar tambayarka ka tabbata ba sifiri aka ƙara wajen bugawa ba. In lambar gaskiya ce, ba ka da ikon share mutum a ɓoye don ya ɓata maka tebur.

ANOVA tana da sharuɗɗa. Tana so amsar wani kada ta rataya a kan ta wani, warwatsuwar rukunan ta yi kusa da juna, kuma lambobin kowane rukuni su taru a tsakiya su sirance a gefe biyu. Kuɗin shiga ba kasafai yake bin wannan ba, don masu ƙaramin jari sun fi yawa, 'yan tsiraru kuma suna can sama. Mutum ɗaya irin dillalinka yana kumbura matsakaici da warwatsuwa a lokaci guda. Ka zana lambobin kowace kasuwa ka gani da idonka tun kafin ka danna komai, ka kuma duba gwajin Levene da SPSS ke bayarwa a kan daidaiton warwatsuwa.

Mafita uku gare ka. Kana iya mai da ribar zuwa logaridim sannan ka yi ANOVA, wannan yana matso da manyan lambobi kusa. Kana iya yin gwajin Kruskal da Wallis na 1952, wanda ke jera mutane daga na ɗaya zuwa na sittin ya yi aiki da matsayinsu, don haka dillalin zai zama na sama kawai, komai yawan kuɗinsa. Ko kuma, in tun farko masu kasa doya a ƙasa ka nufa da bincikenka, ka ce dillalin sari ba ya cikinsu, ka fitar da shi a fili, ka bi ƙa'idar nan a kasuwannin uku duka. Ni ta biyu zan zaɓa maka, tare da ba da ribar mutumin da ke tsakiyar jeri a kowace kasuwa a gefen matsakaici. Kowacce ka ɗauka, ka nuna sakamakon da dillalin da kuma ba shi, ka rubuta dalilinka a babi na uku, ka kai wa malaminka ya sa hannu kafin ka buga.